Kafin Kifi Ya Shiga Sabon Tanki

Sau da yawa malamin kimiyya kan sayo tankin gilashi domin ɗakin gwaje-gwaje, ya cika shi da ruwa garai-garai, ɗalibai su zuba 'ya'yan karfasa a ranar. Kafin mako biyu sai a ga kifayen sun taso sama suna haki, daga nan su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Akan ɗora laifin a kan wanda ya sayar da su, alhali kuwa ruwan ne ya zama guba, ko da yake ido ba zai ga ya sauya ba.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake bayarwa. A kogi ruwa na da yawa, yana kuma gudu. A tanki kuwa babu inda gubar za ta je, sai fa idan akwai masu cinye ta.

Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda masanin nan na Rasha, Sergei Winogradsky, ya yi nazarinsu a wajajen 1890. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama nitirait. To, nitirait ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Rukuni na biyu ne ke mayar da shi nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce. An daɗe ana koyar da cewa Nitrobacter ke wannan aiki na biyu, amma binciken da aka buga a 1998 ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ne kan gaba.

Waɗannan halittu ba sa saurin hayayyafa. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a jikin tsakuwa da soson matatar ruwa. Saboda haka a fara kiwonsu tukuna. A cika tankin, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi ko ɗaya a ciki ba, ana auna ruwan da kayan gwaji. Amoniya za ta hau ta sauka, nitirait ya biyo baya. Ranar da duka biyun suka koma sifiri, nitirat kuma ya bayyana, a sa kifi kaɗan. Wanda ya samu soso daga tsohon tanki mai lafiya ya rage wa kansa jira.

A ganina, kuskuren da ya fi ciwo shi ne na ɗalibi mai tsafta, wanda zai wanke soson nan tas a bakin famfo, kulorin ya kashe aikin wata guda. A ɗauraye shi da ruwan da aka ɗebo daga tankin. Haka kuma bakteriyar na buƙatar oksijin, don haka idan an ɗauke wuta na tsawon lokaci a rage ciyarwa, domin gubar amoniya ta fi tsanani a ruwa mai ɗumi, kamar na watan Afrilu. Shi kuwa nitirat, akan rage shi ta hanyar sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako.