Horas da Masu Shirya Fim a Kano: Gwaji a Bompai da Sharaɗa da Calawa

Gabatarwa

A yau in ana zancen finafinan Hausa akan ce "masana'antar fim". To, amma a Kano in aka ce masana'anta, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne Bompai da Sharaɗa da Calawa, watau unguwannin da ake jima da saƙa da narka roba. Manufar wannan takarda ita ce mu dubi irin horon da ake ba masu shirya fim, sa'an nan mu kai shi waɗannan unguwanni mu gwada, mu ga ko zai ɗauki kaya. Abin da muke son nunawa shi ne, darussa uku da akan rarraba a tarurrukan bita, watau sanin na'ura, da jawo waɗanda aka saba bari a baya, da riƙon amanar labari, in an zo wurin aiki ba su rabuwa.

Yadda aka saba koyo

Ba mu rasa ƙwararru tun da wuri ba. Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976, aka kuma kafa Hukumar Fim ta Nijeriya a 1979, wadda daga baya ta buɗe makarantar koyon fim a Jos. Amma waɗanda suka kafa sana'ar fim ɗin bidiyo a Kano ba ta wannan ƙofa suka shigo ba. Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka fito, da gidajen talabijin, irin su NTA da ke titin Bompai da CTV wadda yanzu ake kira ARTV. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, koyon fim ya zama kamar koyon kowace sana'a a kasuwa. Yaro ya bi maigida, yau ya ja waya, gobe ya riƙe fitila, har wata rana a miƙa masa kyamara. Wannan hanya ta fid da mutane masu saurin hannu ƙwarai, amma tana da aibi biyu. Kuskuren maigida yakan zama gado, kuma ba kowa ke iya bin maigida dandalin ɗaukar fim ya yi kwanaki ba. Matar aure da kurma da gurgu tun a nan aka bar su.

Game da ɗa'a kuwa, tarihi ya riga ya takaita ma'anarta. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni a 2007, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a Disamba 2008 a shari'ar da ta shafi fim ɗinsa Tsintsiya, aka kuma soke shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa a 2016 bayan da malamai suka nuna rashin yarda. Saboda haka in aka ce wa ɗan fim ɗa'a, abin da yake ji shi ne sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata. Ba mu raina wannan ba. Sai dai akwai wani haƙƙi da ba a cika ambatarsa ba, shi ne haƙƙin mutumin da aka ɗauki hotonsa da muryarsa.

Filin gwaji

Bompai ita ce babba a shekaru, domin tun kafin samun mulkin kai aka fara kafa masana'antu a cikinta, Sharaɗa da Calawa suka biyo baya. Daga 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin soja, ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfa mai araha daga Sin, kamfanoni da dama suka rufe, wasu suka koma sito. Duk da haka dubban mutane na ci daga waɗanda suka rage. Abin mamaki, "kamfani" a yawancin finafinanmu ofis ne kurum, da tebur da kujera mai juyawa da Alhaji yana sa hannu a takarda. Wanda ke tsaye gaban injin ba a ganinsa, alhali Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya daɗe da nuna cewa labarin talaka yana da masu kallo.

Mu ɗauka an ba ɗalibi aikin ɗan gajeren fim a kan ma'aikatan wani kamfanin jima a Calawa. Matsalarsa ta farko ita ce sauti. Manyan gangunan da ke juya fata suna ruri, janareto na ruri, makirfon da ke jikin kyamara ba abin da zai kamo sai hayaniya. Idan ɗalibin bai san amfani da ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga ba, bai kuma saba sa abin kunne yana sauraron abin da yake ɗauka ba, ƙafarsa da kanta za ta kai shi inda babu ƙara, watau ofishin manaja. Sai fim ya fito manaja na bayani tiryan-tiryan, leburori kuwa suna wucewa a bayansa kamar inuwa. Ba da niyya ya ware su ba, rashin iya aiki ne ya ware su. Ke nan darasin makirfo shi ne darasin wa za a ji.

Haka abin yake ga matan da ke aikin ƙunshe kaya da tsintar roba. Sukan tashi gab da magariba suna saurin gida, kuma da wuya su saki jiki gaban samari huɗu da kyamara. In babu mace a cikin masu ɗaukar, babu labarinsu. Har wa yau a cikin ma'aikatan akwai mutanen kudu da na tsakiyar ƙasa, waɗanda a finafinanmu sau da yawa ba a kawo su sai don a yi dariyar Hausarsu. Kurame kuma muna da su a matsayin masu kallo, ga makarantarsu nan a Tudun Maliki, kusa da titin Gidan Zu inda ofisoshin 'yan fim suke. Amma rubutun da ake sa wa a ƙasan fim kusan kullum da Ingilishi ne. Rubuta shi da Hausa aikin 'yan kwanaki ne a kwamfuta, ba mu kuwa ga dalilin da zai hana a koyar da shi ba.

Amanar labari

A nan ne abin ya fi nauyi, don haka za mu ɗan daɗe. Da yawa daga leburorin nan 'yan wucin gadi ne, ba su da takardar ɗauka aiki, sallamarsu ba ta wuce a ce wa mai gadi kada ya bar wane ya shiga gobe. Mun taɓa fita da ɗalibanmu bakin ƙofar wani kamfani, wani ma'aikaci ya nuna mana yadda ruwan magani ya cinye masa fatar hannu, ya yi magana sosai, ya kuma ce ya yarda a nuna. Ɗaliban suka yi murna sun sami abin da suke nema. Da muka tambaye shi inda yake zaton za a nuna, sai ya ce ai a makaranta ne. Bai san cewa ɗayansu na da niyyar sa shi a Facebook a daren nan ba. A zamanin kaset, kafin fim ya bar hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ya zaga gari akan ɗauki makonni. Yanzu kafin asuba ya isa wayar wanda ya ɗauke shi aiki. Yardar da mutum ya bayar bai san iyakar inda hotonsa zai kai ba, ba yarda ba ce.

Ɗaliban suka ce sai a dusashe fuskarsa, a sauya muryarsa, tun da na'ura na iya yi. Lalle tana iyawa. Amma shugaban leburori ba da fuska kaɗai yake gane yaransa ba. Ya san rigar, ya san tafiyar, ya san wa ke tsayawa a injin na uku, balle hannun da shi ne dalilin hirar. Ɓoye mutum tun wajen ɗauka ake fara shi, a zaɓi wuri nesa da kamfanin, a sauya masa riga, wani lokaci ma a ba ɗan wasa maganarsa ya faɗa, a kuma shaida wa mai kallo an yi haka.

Sai batun dagwalo. Ruwan da ke fita daga Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Calawa, na Bompai kuwa yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, kuma an daɗe ana nazarin sinadaran jima da rini da ke cikinsa. A gefen waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke ban ruwa da shi. Ɗan fim mai zafin kishi zai nuna manomi da fuskarsa da kwandon latas ɗinsa, washegari a ƙi sayen kayansa a kasuwa, bututun da ya kawo dagwalon kuwa yana nan yana zuba. Mai kamfanin shi ma yana da haƙƙi. Wajibi ne a nemi jin ta bakinsa, kuma kada a ƙara wa ruwan baƙi wajen gyaran launi a kwamfuta don a tsorata mai kallo. Ɗan taɓa maɓalli ɗaya ne ke yin haka, shi ya sa muke ganin malamin da ke koyar da gyaran launi shi ya kamata ya faɗi inda gyara ya ƙare ƙarya ta fara.

Irin wannan sani ba ya samuwa a bitar kwana uku a zauren otal, inda akan ba kowane darasi awa biyu da malami daban, a raba takardar shaida a watse. Yana bukatar watanni, da malami mai bin ɗalibi wurin aiki, kamar yadda muke bin ɗalibanmu makarantu lokacin gwajin koyarwa. Kwalejojin ilimi sun san wannan tsari sarai, masu sana'ar kuma suna da kayan aiki da gogewa, saura a haɗa. Daga cikin sharuɗɗan cin jarrabawa muna ba da shawarar a sa wannan: kafin a saki fim, ɗalibi ya koma ya nuna shi ga waɗanda ke ciki. Mu mun yi haka da ma'aikacin nan. Ya kalla a waya har sau biyu, ya yi shiru, sa'an nan ya roƙi a cire wurin da hannunsa ya fito, domin yana da 'ya'ya biyar. Aka cire.