Tufafin Cikin Mata: Kunyar da ke Jawo Mana Asara

Ina neman afuwar mai karatu tun daga farko, domin maganar da na ɗauko yau ba irin wadda aka saba gani a wannan shafi ba ce. An saba da siyasa da kasafin kuɗi da rikicin jam'iyyu. Ni kuwa zance zan yi a kan kamfai da rigar mama da fatari, wato tufafin da kowace mace ke sanyawa kullum ta Allah, amma da wuya ta iya buɗe baki ta ambaci sunansu a gaban mutane. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta, saboda ni ma 'yar Sakkwato ce, kuma cikin kunyar nan aka rene ni. Abin da ya ƙarfafa mini guiwa shi ne wani al'amari da ya faru a gidanmu.

A bazarar da ta wuce aka kawo lefen ɗiyar yayata a unguwar Mabera. Mata suka cika tsakar gida, ana ɗaga atamfofi da leshi da shadda ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirgawa, ana shafawa domin a ji ingancinsu. Da aka zo kan ƙaramin akwati, sai wata gwaggo ta ɗan buɗe, ta leƙa, ta ce, “Dozin bibbiyu, masha Allah,” ta mayar ta rufe. Babu wadda ta duba lamba, babu wadda ta taɓa ta ji ko wane irin yadi ne.

Bayan kamar wata biyu da tarewa na kai wa amarya ziyara. Sai da kowa ya fita sannan ta matso kusa da ni, ta ce, “Inna, don Allah kada ki gaya ma kowa.” Ta nuna mini kafaɗunta da ƙasan ƙirjinta, duk sun yi shatin igiya, fatar ta yi ja, ga ƙuraje. Rigunan maman da aka zuba mata duka lamba 34 ne, alhali da muka ɗauko tef ɗin awo muka gwada, 38 ce daidai da ita. Kamfunan kuwa duka na roba ne masu sheƙi. Na tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru, ta ce, “Dangin miji sunka sawo, in na ce ba su yi mani ba, sai a ce na rena.” Ƙarshenta sai da muka dangana da asibiti saboda ƙaiƙayin da ya hana ta barci. Tambayar farko da likitar ta yi mata ita ce wane irin kamfai take sanyawa, kuma a ina take shanya shi.

Tun daga ranar nake nazarin wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi ne, tufar da ta fi kowace kusa da jikin mace ita ce wadda mace ta fi ƙarancin iko a kanta. Tana ƙarama uwa ke saya mata. Idan za ta yi aure dangin ango ke zaɓa, su kuwa da ido suke auna ta, wani lokaci ma daga hoto. Bayan aure sau da yawa maigida ne ke biyawa kasuwa ya sayo abin da mai shago ya miƙo masa a leda. In ma ita ce ta shiga Babbar Kasuwar Sakkwato da ƙafarta, akasarin waɗanda za ta tarar a kan kayan maza ne, kuma babu wurin gwaji. Wace mace ce mai kamun kai za ta tsaya tana yi wa namiji bayanin faɗin ƙirjinta? Sai dai ta nuna da yatsa, ta biya, ta yi gaba. Na taɓa jin wani mai shago yana ce wa wata, “Hajiya, ɗauki wanga, duk wadda tas saye shi ba ta komo ba.” Na ce a raina, gaskiya ka faɗa, amma kunya ce ta hana ta komowa.

A wata ƙasa mai sanyi wataƙila abin ya tsaya a rashin jin daɗi kawai. Amma Sakkwato na cikin garuruwan da suka fi zafi a Nijeriya. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, ga kuma rashin tsayayyar wutar lantarki. Mace ma'aikaciya za ta fita tun safe da kamfai da siket na ciki da zane ko doguwar riga, sannan ta ɗora hijabi ko mayafi, ta hau Keke Napep, ta wuni a aji ko ofis ko ɗakin marasa lafiya. Duk zufar da jikinta ya fitar, tufar ciki ce ke fara karɓarta. Idan auduga ce, za ta tsotse gumin, iska kuma ta ratsa. Idan roba ce, sai danshi da ɗumi su taru su kwanta a kan fata.

Masana kiwon lafiya sun yi bayanin cewa ɗumi da danshi su ne abin da ƙwayar cutar nan mai haddasa ƙaiƙayi da farin ruwa ke buƙata domin ta yaɗu, kuma kimanin mata uku cikin huɗu kan gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Masu juna biyu da masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa. Haka nan ƙasan mama da matsematsi kan saɓe idan fata na gogar fata cikin gumi. Mu kuwa duk mun haɗa waɗannan mun kira su “sanyi”, muna ta shan jiƙe-jiƙe da magungunan da ba likita ne ya rubuta ba. Ba ina nufin kowane ciwon sanyi daga kamfai yake ba. Akwai wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, wanda dole sai an yi wa miji da mata magani tare. Amma shawarar da likitocin mata ke bayarwa a ko'ina ita ce a sanya auduga, a guji abin da ya matse, a kuma canza da zarar an jiƙe da gumi. A nan ya kamata in kawar da wata jita-jita da ke yawo a wayoyinmu, cewa rigar mama na jawo ciwon dajin nono. Babu wata hujjar kimiyya da ta tabbatar da haka. Illar wadda ba ta yi daidai ba ita ce ciwon kafaɗa da na baya da kuma cin fata, waɗannan ma sun isa.

Abin mamaki shi ne iyayenmu da ba su yi boko ba sun fi mu dacewa a wannan fanni. Kakata fatari take ɗaurawa, na farin alawayyo, wanda tela ya ɗinka mata da zariya, ta sassauta ko ta tsuke yadda ta ga dama. Auduga ce zalla, kuma a ƙasarmu ake noma ta. Kamfanin saƙa na Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da sauran masaƙun da suka biyo bayansa, sun yi shekaru suna tufatar da Arewa kafin su durƙushe. Shi wannan na farkon a 2002 aka rufe shi. Zaren roba kuwa baƙo ne. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro nailan a 1935, sannan a 1958 ya fito da zaren nan mai talewa da ake kira Lycra. Ita kanta rigar mama ta zamani, a 1914 wata Ba'amurkiya mai suna Mary Phelps Jacob ta yi rajistar samfurinta. Babu laifi a karɓi abin da ya zo daga waje. Laifinmu shi ne mun karɓi kayan, ba mu karɓi ilimin awon da ke tafe da su ba.

Ilimin nan kuwa ba shi da wahala. A jikin kowace rigar mama akwai lamba da harafi. Lambar ita ce kewayen ƙirji daga ƙasan mama, harafin kuma girman mazaunin maman ne. A bisa tsarin da aka fi amfani da shi, idan aka auna ƙasa aka kuma auna inda ya fi tudu, bambancin inci ɗaya shi ne A, biyu B, uku C, huɗu D. Kayan Ingila da Amurka da inci suke zuwa, na yawancin sauran ƙasashen Turai da santimita, saboda haka 34 ita ce 75, 36 ita ce 80, 38 kuma 85. Mata nawa ne a cikinmu, har da masu digiri, suka san haka? Wadda ta yi daidai za ta zauna sosai a baya ba tare da ta haura sama ba, yatsu biyu za su iya shiga ƙarƙashinta, kuma ba za ta bar shati mai zafi ba idan an cire. Sannan jikin mace ba ya tsayawa wuri ɗaya. Awon budurci dabam, na goyon ciki dabam, na shayarwa dabam. Mai shayarwa ba ta buƙatar mai ƙarfe da zai danne mata mama, haka mai soson nan da 'yan mata ke kira acuci-maza, a watan Afrilu mai ita take fara cuta.

Haka abin yake ga kamfai. Akwai mai faɗi da ke kaiwa cibiya, wanda ya fi dacewa da mai jego da wadda aka yi wa tiyata, domin robarsa ba ta sauka a kan ɗinki. Akwai mai kama da gajeren wando, wanda ke hana cinyoyi gogar juna ga mai jiki. Akwai kuma siriri na kwalliya, wanda ba a yi shi domin wunin aiki ba. Kowace mace da abin da ya fi mata daɗi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin lura kawai shi ne ƙyallen tsakiya ya kasance auduga, robar ƙugu kuma kada ta ci fata.

Akwai kuma batun shanya, wanda shi ma kunya ce ta haife shi. Allah Ya hore mana rana wadda ke busar da wanki cikin ɗan lokaci, amma sai ka ga an rataye kamfai a bayan ƙofa ko a banɗaki, ko an lulluɓe shi da zane a kan igiya domin kada surukai ko yara su gani. Washegari a mayar da shi jiki da sauran danshi. Igiya ɗaya a wani lungu na tsakar gida inda rana ke sauka ta isa ta raba mu da wannan matsala.

Ba zan tsallake gwanjo ba. Na san tsadar rayuwa ce ke kai mata da yawa gare shi, kuma wasu na cewa audugarsa ta fi ta sababbin da ake kawowa daga Sin inganci. Game da rigar mama, idan aka wanke da ruwan zafi aka shanya a rana, uzurin abin saurare ne. Amma kamfan da wata ta riga ta sanya bai kamata ya zama abin saye ba. Ƙasar Ghana ta haramta sayar da irinsa tun 1994, ta kuma tashi tsaye wajen aiwatar da dokar a 2011. Gara guda uku na auduga sababbi da dozin na abin da ba a san tarihinsa ba. Araha ba ta ado.

To, ina mafita? Ni a ganina ba sai mun je nesa ba. A garin nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar ilimi su kai wa mata 'yan uwansu har ƙauyuka, ba tare da an keta haddin kowa ba. Darasin shi ne, abin da mace ba za ta iya tambayar namiji ba, a samar mata macen da za ta tambaya. Mun gaji dillalai masu shiga gida-gida, ga kuma jikokinsu na zamani da ke talla ta WhatsApp da Instagram. Abin da ya rage shi ne kowace mai wannan sana'a ta riƙe tef ɗin awo a jakarta, ta koyi aiki da shi, ta kuma yarda a canza rigar maman da ba ta yi daidai ba. Masu hali daga cikin matanmu su buɗe shagunan da mata ke tsare da su, da ɗan ɗakin gwaji. Telolinmu mata su dawo da ɗinkin fatari da shimi na auduga. Ungozomomi da ma'aikatan jinya su sanya wannan bayani cikin jawabin da suke yi wa masu zuwa awon ciki, malamai mata kuma su faɗa wa 'yan matan sakandare da na Islamiyya. Addininmu bai hana tambaya ba. Hasali ma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sani.

Ga masu haɗa lefe kuma, shawarata ita ce a aika wata babbar mace ta tambayi uwar ɗakin amarya lambarta, ko kuma a ware kuɗin ƙaramin akwatin nan a ba amarya ta zaɓa da kanta. Wannan ba zai rage wa lefe daraja ba. Ku kuma iyayenmu maza da mazajenmu, idan uwargida ta ce a ba ta kuɗi ta sayo da kanta, kada a ɗauka raini ne ko almubazzaranci.

Ɗiyar tawa dai ta warke. Dozin biyun nan na lefe suna nan a ƙasan akwati, ta ce za ta raba wa ƙannenta waɗanda za su yi wa daidai. Na saya mata tef ɗin awo, na kuma roƙe ta alkawari ɗaya, cewa ranar da za a haɗa lefen ƙanen mijinta, ita za ta fara tambayar lambar amarya.

Kunya ado ce ga 'ya mace, kuma ba na fatan ranar da za mu rabu da ita. Fatana kawai shi ne mu bambance kunyar da ke kare mutunci da wadda ke kai mu layin asibiti. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu gane.