Wane ne ya cancanci sunan "nama"?

A watan Oktoban 2025 Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin hana kiran abincin da aka sarrafa daga tsirrai da sunayen nama, kamar "burger". Masu kiwo ne suka matsa lamba, suna cewa ana ruɗar mai saye, ana kuma cin kasuwarsu da sunansu.

A wannan muhawara ta sunan "nama", kaya iri biyu ake magana a kai. Na farko daga waken suya, wake ko alkama ake yin sa, ɗan'uwan awara ne. Na biyu kuwa tsoka ce ta gaske: ana ɗebo ƙwayoyin halitta daga jikin dabba, a raine su cikin manyan tankuna har su hayayyafa. Singafo ce ta fara halatta sayar da shi a 2020, Amurka ta biyo baya a 2023, Italiya kuwa ta haramta shi a shekarar.

A ganina, na biyun ya fi buƙatar doka. Wanda ya sayi fakitin da aka rubuta "na tsirrai" ya san abin da ya ɗauka. Amma Musulmi zai so sanin daga wace dabba aka ɗebo ƙwayoyin, kuma ko an yanka ta. Wannan ya kamata a tilasta rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin fakiti.