Tsallen elektron: Shin falsafa ce ta haska wa Niels Bohr hanya?

Duk ɗalibin fiziks a Jami'ar Jihar Kaduna ya san bayanin da Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmark, ya yi kan ƙwayar zarra a 1913: elektron ba ya sauya matsayi sannu a hankali, tsalle yake yi. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne, wani ɗan birninsu Copenhagen ya riga shi maganar tsalle.

Søren Kierkegaard, masanin falsafar da ya rasu a 1855, ya koyar da cewa lissafi ba ya kai mutum ga babban zaɓin rayuwa, sai ya yi kundumbala ya tsallaka. Harald Høffding, abokin mahaifin Bohr kuma malaminsa na falsafa a jami'a, ya rubuta littafi kan Kierkegaard. Shi kansa Bohr ya karanta shi a 1909, ya yaba da iya rubutunsa, ko da yake bai yarda da ra'ayinsa duka ba.

Kan wannan zaren ne masanin tarihin kimiyya Max Jammer ya ce akwai tasiri. David Favrholdt ya musanta, kuma akwai hujjar da ba ta wasa ba ce: alƙaluman hasken iskar haidirojin ne ka'idar Bohr ta warware, waɗanda Kierkegaard bai taɓa aunawa ba.