Ruwan sama mai tsami: yadda gwamnatoci suka yaƙe shi

Ƴan uwa manoma, ruwan sama albarka ne. Amma a Turai an yi zamanin da ya zama masifa.

Mi ya kawo haka? Manyan masana'antu da gidajen wutar lantarki suna ƙona gawayin ƙasa. Cikin gawayin akwai farar wuta. In ta ƙone, sai ta bi hayaƙi ta hau sama, ta gamu da hadari. Ruwan da zai zubo sai ya yi tsami.

Ruwan nan ya kashe kifi cikin tafkunan Suwidin da Norwe. Ya raunana itatuwan daji, ya rage ƙarfin ƙasa, ya ci duwatsun gine-gine. Alhali yawancin hayaƙin ba nasu ba ne. Iska ce ta ɗauko shi daga Ingila da Jamus da wasu ƙasashe.

Don haka ƙasa guda ba ta iya maganin abin ita kaɗai. A 1979, ƙasashen Turai da Amurka da Kanada suka sa hannu kan yarjejeniya a Janeba. A 1985, a Helsinki, ƙasashe da yawa suka ɗau alkawarin rage hayaƙin farar wuta da kashi 30 cikin 100. A 1990, Amurka ta ƙara tsananta dokarta.

Aka tilasta wa masana'antu wanke hayaƙinsu da farar ƙasa kafin ya fita. Hayaƙi ya ragu ƙwarai. Kifi ya koma wasu tafkuna, amma ƙasar da ta lalace tana jinkirin warkewa.

Iska ba ta san iyaka ba. Kiyaye ta aikin maƙwabta ne gaba ɗaya.