Farin Fenti, Ranar Tofa da Ruwan Shanmu

A bazarar da ta wuce na je ɗaurin aure Tofa, na jingina da bangon wani shago ina jiran a fito. Da na ɗaga, sai na tarar bayan babbar rigata ya yi fari fat. Abokai suka yi ta dariya, ni kuwa tunanina ya tafi ga sinadarin da ke sa fenti fari, wanda masana ke kira titanium dioxide.

Ana samo shi daga ma'adinan ilmenite da rutile, a tace ko dai da ruwan asid na sulfur, ko da iskar kulorin. Mai karatu ya sha haɗuwa da shi a fenti da takarda da roba da man kare fata daga rana. Wani nau'insa, anatase, yana da halin ban mamaki: idan hasken rana ya sauka a kansa, sai ya farfasa maiƙo da rini da ƙwayoyin cuta da suka taɓa shi, shi kuma ba ya ƙarewa. Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka bayyana tushen wannan a 1972. Wannan hali na cikin abin da ke cinye danƙon tsohon fenti har ya koma gari, don haka masu fenti suka fi son rutile da aka lulluɓe.

Turawa sun mayar da aibin ya zama haja. Kamfanin Pilkington ya fitar da gilashi mai wanke kansa a 2001, aka kuma gina cocin Jubilee a birnin Rum da siminti irin wannan a 2003. To amma wani hanzari ba gudu ba, gilashin sai ruwan sama ya ɗauraye shi. Mu kuwa daga Oktoba zuwa Mayu sama a bushe take, ƙurar hunturu kuma ƙasa ce, haske ba ya narkar da ita. Duk wanda ya tallata mana shi da sunan maganin ƙura, a yi masa wannan tambaya.

A ganina amfaninsa gare mu yana cikin ruwa. An daɗe da sanin cewa ruwa mai tsabtar ido, idan aka shanya shi awa 6 a rana cikin gorar roba, yawancin ƙwayoyin cutarsa suna mutuwa. Gwaje-gwaje sun nuna shafen wannan sinadari na iya gaggauta aikin. A Almeriya ta ƙasar Sifen tun shekarun 1990 ake gwada shi kan dagwalon masana'antu, irin wanda majemun Challawa da Sharaɗa suka saba da shi. Ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, sai an tace, kuma kusan kashi 5 cikin 100 kacal na hasken rana yake amfani da shi. Ilmenite ɗin kuwa yana nan jibge a tarkacen haƙar kuza na Jos, Jami'ar Bayero kuma tana kan hanyar Gwarzo, hanyar da na bi zuwa Tofa.