Baki Ya Faɗa, Hannu Ya Musanta

Duk wanda ya taɓa ba da aikin gina manhaja, ko ya karɓi irin wannan kwangila, ya san yadda zaman farko yake gudana. Mai kuɗi ya zo da jerin abubuwan da yake so a saka masa, mai ƙera manhaja ya rubuta, a yi ciniki, a sa ranar kammalawa. Bayan wata shida a miƙa aiki daidai da abin da aka rubuta, sai kuma mutanen da aka yi dominsu su ƙi amfani da shi. Ba a ci amanar kowa ba, amma kuɗi sun tafi. A ganina tun a zaman farkon nan aka yi ɓarnar, domin an ɗauki abin da mutum ya ce yana so a matsayin abin da yake bukata. Aikin mashawarci na gaske shi ne ya gano tazarar da ke tsakanin biyun kafin a kashe ko kwabo, kuma ilimin halayyar ɗan'adam ne yake ba shi dalilin yin hakan da hanyar yinsa.

Dalilin shi ne mutum ba ya cika sanin abin da ya sa ya yi zaɓi, ko da kuwa yana da tabbacin ya sani. A shekarar 1977 wasu masana biyu a Jami'ar Michigan ta Amurka, Richard Nisbett da Timothy Wilson, sun ba da rahoton wani gwaji da ya shahara. Sun jera safa kala ɗaya ƙafa huɗu a wurin sayayya, suka roƙi masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Safar duk iri ɗaya ce, amma wadda ke ƙarshen dama ta samu masu zaɓa kusan ninki huɗu na wadda ke ƙarshen hagu. Da aka tambayi mutanen dalilin zaɓinsu, sai kowa ya kawo hujja a kan ingancin safar, ba wanda ya ambaci inda aka ajiye ta. Da aka fito fili aka tambaye su ko wurin ajiyar ya yi tasiri, kusan dukkansu suka musanta. Mutanen nan ba ƙarya suka yi ba. Zuciya ce take ƙaga dalili bayan hannu ya riga ya ɗauka, kuma mai ita ya yarda da dalilin. Idan haka ta faru a kan safa, me ake tsammani daga mutumin da aka tambaya ko zai yi amfani da manhajar da bai taɓa gani ba?

Labarin M-Pesa a ƙasar Kenya ya nuna abin da ake samu idan aka sa ido a kan hannu. A shekarar 2005 kamfanin Vodafone da Safaricom, da tallafin ma'aikatar raya ƙasashe ta Birtaniya, suka fara gwajin wani tsari da kamfanin ba da shawara na Sagentia da ke Ingila ya gina manhajarsa. Manufar a rubuce take: masu karɓar ƙaramin rance daga cibiyar Faulu su riƙa biyan bashinsu ta wayar salula maimakon su yi tattaki da tsabar kuɗi. An gwada da mutane ɗaruruwa a Nairobi da garin Thika. Sai masu lura da gwajin suka ga abin da ba ya cikin takarda. Wasu 'yan kasuwa suna zuba kuɗin cinikinsu da yamma su cire da safe, wato sun mayar da wayar asusun kwana. Matafiya suna zubawa kafin su hau mota su cire idan sun sauka, don gudun ɓarayin hanya. Wasu kuma suna tura wa junansu kuɗi, ko su sayi katin waya su aika wa dangi a ƙauye. Da aka ƙaddamar da tsarin ga jama'a a watan Maris na 2007, an ajiye batun rance gefe, aka tallata shi a matsayin hanyar aika kuɗi gida, kuma a kan wannan ya samu miliyoyin masu amfani cikin 'yan shekaru. Da masu aikin sun tsaya ga abin da aka rubuta musu kawai, da sun kammala kwangila lafiya, sun kuma wuce abin da ya fi kwangilar daraja ba tare da sun gan shi ba.

Daga nan ake fahimtar cewa mashawarci yana da mutane biyu da zai bincika. Na farko shi ne mai ba da aiki, wanda yakan zo da magani a bakinsa alhali ciwon ne ya kamata ya kwatanta. Idan ya ce a gina masa manhajar sayar da kaya, tambayar da ta dace ita ce me ya faru a kasuwancinsa da ya sa ya fara tunanin haka, kuma da wace alama zai gane cewa aikin ya yi amfani. Na biyu su ne waɗanda za su riƙe wayar a hannu. Su ba a tambayarsu ko za su so abu kaza, domin alkawarin gobe ba shi da tsada. Ana tambayarsu ne yadda suka yi a karo na ƙarshe da matsalar ta taso, nawa suka kashe, wa suka kira, sannan a je wurin aikinsu a zauna a gani. Wannan ya fi zama dole a cikin al'umma irin tamu mai kara da kunya. Matashin da ya nuna wa ɗan kasuwa a Kantin Kwari sabuwar manhajarsa zai ji an ce masa ta yi kyau, Allah ya sa albarka, kuma da zuciya ɗaya aka faɗa. Amma addu'a ba alkawarin saye ba ce. Littafin bashin da ke ƙarƙashin teburin ɗan kasuwar ya fi yabonsa ba da labari.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Mai ba da aiki zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shekara ashirin yana sana'arsa, baƙo ba zai koya masa abokan cinikinsa ba, kuma bincike cin lokaci ne da kuɗi. Gaskiya ne ya san inda ruwa ke ɗiga, amma sau da yawa ramin da ke rufin yana can wani gefe, kuma gano shi aikin magini ne. Batun tsada kuwa, ba a bukatar dubban mutane. Jakob Nielsen, wanda ya daɗe yana nazarin sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da ke cikin zane. Ana iya yin wannan da zanen fuskar manhaja a kan takarda cikin kwana biyu. Gyara a takarda gogewa ce kawai, gyara bayan an gina kuwa rushe gini ne.

Wasu kuma sukan kawo maganar Steve Jobs na kamfanin Apple, wanda a wata hira ta 1998 ya nuna cewa mutane ba su cika sanin abin da suke so ba sai an nuna musu. Suna ɗaukar wannan a matsayin izinin watsi da bincike. Amma idan aka duba, maganar tasa ta yi daidai da gwajin safa: abin da ta rushe shi ne dogaro da tambayar mutane ra'ayinsu. Ba ta taɓa batun kallon abin da suke yi ba. Babu ɗan Kenya da ya roƙi a ƙirƙira masa M-Pesa, amma kafin zuwansa dubbai sun kasance suna ba direbobin mota kuɗi a ambulan su kai ƙauye, kuma bukatar tana nan a fili ga mai ido.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu tsoron cewa sanin halayyar mutum makami ne na yaudararsa. Wannan tsoro yana da tushe. Tun 2010 wani masani ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara dabarun zane da ake sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba, kamar ɓoye maɓallin fita ko saka masa kaya a kwando bai sani ba. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta sanar cewa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 245 a mayar wa mutanen da tsarin maɓallansa ya sa suka yi sayayyar da ba su nufa ba. Ilimin da ya gano cewa hannu na zaɓa kafin tunani, shi ne dai ake amfani da shi a ɗana tarko. Sai dai jahiltar halayyar mutum ba ta kare kowa, illa ta haifar da manhaja mai wahalar da bayin Allah. Ma'aunin da zan ba mashawarci shi ne ya tambayi kansa ko zai iya zama gaban mai amfani ya bayyana masa dalilin da ya sa aka ajiye maɓalli a inda aka ajiye shi, ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Saboda haka wanda zai ba da aikin manhaja ya lura da wanda yake ɗauka. Idan ya karɓi jerin bukatunka ya yanke farashi nan take, ɗan kwangila ne, kuma zai ba ka abin da ka ce. Idan kuwa ya dame ka da tambaya, ya nemi ka haɗa shi da masu sayen kayanka da yaran shagonka, har ya dawo ya ce maka rabin abin da ka lissafa ba a bukatarsa, to ka riƙe shi, domin ya rage wa kansa kuɗin aiki don ya faɗa maka gaskiya.